Lilon waya na Jebel Jais: abin da za ka tarar

Ɗan'uwa, ka ce daga Gombe za ka je hutu Dubai, kana tambayar lilon wayar nan na dutsen Jebel Jais a Ras Al Khaimah, wata masarauta a ƙasar da Dubai take. Lilo ne da ake rataye mutum a jikin doguwar waya ya sulale a sararin sama. Tsawon lilon kilomita 2.83 ne, an buɗe shi a 2018. Da isarka za a auna nauyinka, a ɗaura maka ɗamara, a sa maka hular kwano, jagora ya bi kowace ƙugiya da hannunsa yana ja. A kife za ka tafi, iska na dukan fuskarka. Babbar riga da silifas bar su a masauki, sa wando da takalmi sau-ciki. In kana da hawan jini ko ciwon baya, don Allah faɗa musu tun farko, kada kunya ta hana ka.