Hayar netwok: tambayi ranar rabuwa tun kafin ɗaurin aure

Tambaya: Malam, ina da otal mai ɗaki 40 a Kaduna. Wani kamfani ya ce kada in sayi rauta ko suwic, wato na'urorin rarraba intanet, su za su kawo, su kafa, su kula, ni dai in riƙa biya duk wata. In karɓa?

Amsa: Alhaji, tsarin ba laifi. Ba ka zuba miliyoyi lokaci guda, kuma in na'ura ta ƙone matsalarsu ce. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda kuke sa hannu. Mutumin da zai yi awa guda yana cinikin buhun shinkafa, a miƙo masa kwangilar shekara 3 ya rattaba hannu yana amsa waya!

Ka tambaye su: ranar da na kasa biya, me zai faru? Misali, na'urorin netwok na Meraki na kamfanin Cisco, a tsarinsu na asali, in lasisi ya ƙare ana ɗaga maka ƙafa kwana 30, daga nan su daina aiki. Ga su a manne a silin, amma baƙonka na ɗaki 12 ko WhatsApp ba zai buɗe ba.

Sai kuɗin: naira ko dala? A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ƙulla da dala ya ji a jikinsa.

Kuma kalmar sirrin babban asusun kula da netwok ɗin ta kasance a hannunka, ba a wayar yaron da ya zo haɗawa ba. Ni a ƙaramin wuri na'urorin UniFi ko MikroTik nake so: ka saya, su zama naka, babu lasisin wata-wata.

Tambaya: Na biya Starlink, shi ne wannan hayar?

Amsa: A'a, Hajiya. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya kawo miki intanet bakin ƙofa ne. Rarraba shi ofis-ofis wani aiki ne daban.

Tambaya: Da an ɗauke wuta Wi-Fi ɗin shagonmu ke mutuwa, alhali muna da inbata.

Amsa: Ɗan'uwa, leƙa bayan kanta. Rautar tana soket ɗin NEPA, fanka ce ke shan inbatar.