Aminina ɗan rawa ya rasu, ya bar kare a ƙofar ɗakinsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga unguwar Yelwa a Garwa nake rubuto maka. Aminina da muka tashi tare ya rasu wata biyu ke nan. Mutum ne mai son rawa da wasan kwaikwayo, ba a biki a unguwarmu babu shi. Yana kuma son karnuka. Ya bar kare ɗaya da har yau yake kwana a ƙofar ɗakinsa, abinci ma da ƙyar yake ci, 'yan gidan kuma so suke a kore shi. Wasu in na ambaci marigayin sai su taɓe baki, wai ɗan rawa mai kare. Ta yaya zan riƙa tunawa da shi ba tare da na saɓa wa Allah ba? Kuma ya halatta in ɗauki karen?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa, kai kuma ɗana Allah ya ba ka haƙuri.

Masu taɓe baki su ne a kan kuskure. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah (SAW) ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Rawa kuwa ba hukuncinta ɗaya ba. Habashawa sun yi wasan mashi a masallacin Madina, Nana A'isha tana kallo ta bayan Annabi. Abin da malamai ke tsawatarwa shi ne cakuɗar maza da mata, tsiraici da barin salla, sannan akwai saɓaninsu a kan kayan kiɗa. Ko da abokinka ya zame a wani wuri, Musulmi ne, an yi masa salla, addu'a hakkinsa ce a kanka.

Kafin komai, bi sawun bashinsa. Masu wasa a biki sukan karɓi kafin alƙalami tun ranar ba ta zo ba. Duba wayarsa tare da iyalinsa: akwai wanda ya biya kuɗin wasa ajali ya riga ranar? Akwai tela, mai hayar lasifika, ko yaran da ke taya shi rawa da ba a sallama ba? Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya. Bidiyoyinsa na Facebook da TikTok kuma, kai ka san shi fiye da kowa. Wanda ka san zai ji kunya a nuna wa mahaifiyarsa, a sauke shi. Sauran a ajiye wa 'ya'yansa ko ƙannensa.

Sai batun kare, inda jama'armu suka fi tsanantawa fiye da mazhabarsu. A wurin Imam Malik duk mai rai tsarkakakke ne, har kare da yawunsa. Wanke ƙwarya sau 7 in ya sha a ciki, Malikawa suna ɗaukarsa bin umarni ne kawai, ba don najasa ba. Shafi'awa da Hambalawa ne suke ganinsa najasa. A mazhabarmu ta Malikiyya, in ya shafi rigarka, sallarka na nan.

Ajiye shi ne ke da sharaɗi. Hadisi ya ce wanda ya riƙe kare ba don farauta, kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum. Gadin gida kuma malamai da yawa sun riskar da shi ga waɗannan saboda buƙata. Malaman Malikiyya suna ba da labarin Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risalar da muke karantawa a zaure, wanda ya rasu a 386 bayan hijira. Katangar gidansa ta faɗi, sai ya ajiye kare. Aka tuna masa cewa Malik ya ƙi haka, ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Duk wanda aka taɓa tsallaka wa katanga aka kwance masa tumaki ana gab da layya ba zai yi gardama da wannan amsa ba.

Don haka in kana da dabbobi, ko gona a bakin Binuwai, ko gida mai buƙatar tsaro, ɗauke shi da wannan niyya, ya zauna a tsakar gida, ban da cikin ɗaki. Nemi iznin magada tukuna, su ba ka shi kyauta, domin an yi hani a kan kuɗin kare. In ba ka da buƙatarsa, nemo makiyayi ko manomi mai amana. Korarsa kan titi ne ban yarda da shi ba. Karen da ya saba a zuba masa tuwo bai iya juji ba, ƙarshensa jifan yara ko tayar mota. Ka tuna mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai lallage, Allah ya gafarta masa. Da sahabbai suka yi mamaki, Annabi ya ce a cikin duk hanta mai danshi akwai lada.

Rashin cin abincin ba abin mamaki ba ne, kare yana kewar mai shi. Ɗauko tsohuwar tabarmar marigayin ko rigarsa ka shimfiɗa masa a inuwa, ƙanshin zai kwantar masa da hankali a sabon wuri. Kada ruwa ya yanke a kaskonsa, ka san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu. Ka kai shi wurin likitan dabbobi a duba shi, a yi masa allurar riga-kafin ciwon hauka in lokacinta ya yi. In kuma ya taɓa cizon wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar. Wallahu a'alam.