Hoto Ya Fito, Murya Ta Ƙi: Amsoshin Tambayoyinku Kan Bidiyon Biki a Faifan DVD

Tambayoyin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka biyo: an yi biki ko walima, an ɗauki bidiyo, an buga a faifai, sai sauti ya kawo cikas. Kuma kowa da abin da aka ce masa ya je ya saya. Na taƙaita wasiƙun, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun aurar da 'yarmu watan jiya, ƙannenta suka ɗauki kamu da walima da wayoyinsu. Ɗana ya haɗa su a kwamfuta ya buga a faifai don mu aika wa kakarta a Dukku, ita ba ta riƙe babbar waya amma akwai DVD a gidan. Farkon faifan lafiya lau, amma kafin a kai wajen nasihar gwaggonni sai ki ga baki ya rufe murya tana ci gaba. Wani mai shago ya ce na'urar buga faifan ce ta tsufa, mu sayi ta waje mai USB. In saya? *Daga wata uwa a Pantami*

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Ki mayar da kuɗinki jaka. Na'urar buga faifai ba ta san murya ba, ba ta san hoto ba, abin da kwamfuta ta miƙa mata kawai take rubutawa. In ta tsufa, faifan zai ƙi buɗewa ko ya riƙa cijewa, amma raba baki da magana sannu a hankali ba aikinta ba ne. Matsalar ta riga ta shiga tun kafin a saka faifai.

Ga yadda abin yake. Bidiyo hotuna ne da ake jerawa da sauri. Faifan DVD na tsarin PAL, wanda shi Najeriya ke bi, yana son hoto 25 cif-cif a kowane sakan daga farko har ƙarshe. Ita kuwa waya ba ta tsayawa a lamba ɗaya. A tsakar gida da rana tana iya ɗaukar 30 a sakan, an shiga ɗakin amarya inda haske ya yi ƙasa sai ta rage, in ta yi zafi ma ta rage. Sauti shi bai san wannan ba, tafiyarsa ɗaya ce. Wayar tana rubuta lokacin kowane hoto a cikin fayil ɗin, shi ya sa a kanta ba a ganin komai. Amma tsofaffin manhajojin haɗa DVD da yawa ba sa duba wannan lissafin, sai su ɗauka duk hotunan tazararsu ɗaya. Kamar mutum biyu ne suka kama hanyar Dukku tare, ɗaya yana taki ɗaya, ɗaya yana sauri yana sassautawa: a bakin gari suna kafaɗa da kafaɗa, can gaba kuwa sai an ɗaga murya. Kuskuren ba sai ya yi girma ba. Bidiyon da yake 29.97 a sakan in aka lissafa shi a matsayin 30, bayan awa ɗaya tazarar ta kai sakan 3.6, alhali ko rubu'in sakan ido yana kamawa.

Ki ce wa ɗanki ya yi haka. Da farko ya karɓo ainihin bidiyoyin daga wayoyin ta kebul na USB ko ta memori, ba waɗanda aka turo ta WhatsApp ba, domin WhatsApp yana matse bidiyo, hoto da sauti duk su ragu. Sai ya sauke manhajar HandBrake, kyauta ce, ya wuce da kowane bidiyo ta cikinta, ya zaɓi 25 sannan ya danna inda aka rubuta "Constant Framerate". Wannan shi ne zai daidaita takin hotunan. HandBrake ba ta haɗa DVD da kanta, don haka daga nan sai DVDStyler, ita ma kyauta, ko Nero in yana da ita. Ya zaɓi PAL, tsarin sauti kuma wanda ake kira AC-3 a kan 48 kHz. Wannan lambar ta 48 ƙa'idar DVD ce. Faifan waƙa na CD shi 44.1 yake amfani da shi, kuma in aka sa waƙar bango daga irinsa ba tare da manhajar ta juya ta daidai ba, za a iya jin murya ta sirance tana gudu.

Abin da na fi so ya riƙe shi ne: kada ya buga kai tsaye. Manhajar tana iya ajiye aikin a kwamfuta cikin jaka mai suna VIDEO_TS. Ya buɗe ta da VLC, manhajar kallon bidiyo, ya tsallaka minti biyar na ƙarshe, ya kalli bakin mai magana. In ƙarshe ya daidaita, sauran ma sun daidaita. In kuwa ya ga tazarar iri ɗaya ce tun daga farko har ƙarshe, ba ta ƙaruwa, wannan ciwo ne daban kuma mai sauƙi: maɓallan J da K a VLC suna matsar da sauti gaba ko baya da milisakan 50 a kowace dannawa, sai ya gano lambar da ta dace, ya koma manhajar haɗawa ya matsar da sautin daidai haka. In dole sai an sayi wani abu, to a sayi faifan DVD-RW guda ɗaya, wanda ake gogewa a sake bugawa, a riƙa gwaji da shi.

Tambaya: Mun yi saukar Alƙur'ani a islamiyyarmu, na kwafe bidiyon a faifai. A kwamfuta komai yana fita, a DVD na gida kuwa hoto kawai, shiru kake ji. Iyayen yara biyu ma sun dawo da nasu. Na'urorin ne marasa kyau? Wace iri zan saya? *Daga wani malami a Kumo*

Amsa: Allah ya gafarta Malam, Allah ya sa Alƙur'ani ya cece mu. Da a gidanka kaɗai ne, da sai in ce a duba wayoyi ukun nan na bayan talabijin: rawaya ta hoto ce, ja da fara su ne na sauti, kuma yara kan sauya musu rami. Amma tunda gida uku ne, laifin na faifan ne, kuma kalmar da ka yi amfani da ita ta nuna min inda yake: kwafewa ka yi.

Jan fayil ɗin MP4 a jefa a faifai bai mayar da shi faifan DVD na bidiyo ba, ma'ajiya ce kawai. Kwamfuta tana karanta kusan komai. Na'urar DVD ta gida kuwa abin da aka gina ta a kai shi ne hoto na MPEG-2 da sauti na AC-3, PCM ko MP2. Wasu suna ƙarawa da AVI mai sautin MP3. Sautin waya da na yawancin kyamarorin yanzu AAC ne, kuma na'urori da yawa ba su san shi ba, shi ya sa wata ta nuna hoto ta yi gum, wata ma ta ƙi buɗewa gaba ɗaya. Ka saka faifan a kwamfuta ka leƙa cikinsa. In ka ga VIDEO_TS da fayiloli masu ƙarewa da VOB da IFO, an haɗa shi daidai. In sunan bidiyonka ka gani tsirara, sai a sake haɗawa ta hanyar da na faɗa wa Hajiya a sama.

A wajen zaɓen sauti ka ɗauki AC-3 mai tasha biyu. PCM yana da kyau amma yana cin kusan megabait 690 a awa ɗaya, shi kuwa AC-3 a kan kilobit 192 a sakan bai kai megabait 90 ba, kuma faifan gaba ɗaya gigabait 4.7 ne. Sauka takan yi tsawo, gara a bar wa hoto wurin.

Ba ka buƙatar sabuwar na'ura. In wata rana za ka saya, ka tafi shagon da faifanka da filashinka a aljihu, a gwada a gabanka. Abin da aka rubuta a jikin kwali ba hujja ba ne.

Tambaya: Yallaɓai, sabon shiga ne ni a ɗaukar bidiyon biki. Ina jawo sauti daga miksar mai kiɗa zuwa kyamarata, amma a faifai sai muryar mai gabatarwa ta fashe, ga wani ƙugi a ƙasa. Wata mai biki ma ta ce a talabijin ɗinta kusan ba a jin magana, ni kuma a iyafis ina ji. Wace manhaja zan saya ta gyara? *Daga wani matashi a Jekadafari*

Amsa: Ƙanina, matsala uku ka haɗa a wasiƙa ɗaya, kuma babu wadda faifai ya jawo.

Fashewar murya daga ƙarfin sauti ne. Abin da miksa ke fitarwa ya ninka na makirufo nesa ba kusa ba, kai kuma ka zuba shi a ramin makirufo na kyamara. Saman muryar ya yanke, kuma abin da ya yanke ba a rubuta shi ba balle a dawo da shi. Akwai manhajojin da ke rage kaifinsa, amma kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan zai mayar da shi sabo. In kyamararka tana da zaɓi tsakanin "Mic" da "Line", ka koma na biyun. In babu, akwai 'yar waya mai rage ƙarfin sauti da ake sawa a tsakani. Sannan ka kashe daidaita ƙarfin sauti da kyamara ke yi da kanta, ka sa ma'aunin ƙarfin sautin ya riƙa tsayawa wajen -12, domin ka san masu gabatarwarmu: a gwaji suna magana a hankali, da an fara liƙi sai ihu.

Ƙugin na wuta ne. Lantarkinmu 50 Hz ne, kuma in kyamara tana jone da caja a soket ɗaya, miksa a wani, ga janareta, sai ƙugin ya biyo waya. Ka cire caja ka yi aiki da batir, sau da yawa nan take yake ɗaukewa. Wanda ya riga ya shiga kuwa manhajar gyaran sauti ta Audacity tana rage shi, kuma kyauta ce. Ka nuna mata wurin da ƙugin yake shi kaɗai ba magana, ta koye shi ta cire. Kada ka matsa mata da yawa, murya za ta koma kamar daga cikin rijiya.

Ta ukun ita ce mai ban sha'awa. Ramin miksa na ƙwararru yana fitar da sauti ɗaya ta waya biyu, ɗaya a miƙe ɗaya a kife. In ka haɗa shi da ramin kyamara mai hagu da dama, hagu ya ɗauki na miƙe, dama ta ɗauki na kife. A iyafis kowane kunne yana jin nasa, ba ka lura. A talabijin mai lasifika ɗaya kuwa sai a haɗe su, su cinye juna, magana ta ɓace. Gyaransa minti biyu ne: a Audacity ka raba tashoshin, ka jefar da ɗaya, ka bar ɗayar ta fita ta ɓangarorin biyu. Ita mai bikin kafin ka kai mata sabon faifai, in rimot ɗin DVD ɗinta yana da maɓallin L/R, ta danna ta zaɓi ɓangare ɗaya, wataƙila ta ji magana ta dawo.

Kuɗin manhajar ka tara ka sayi ƙaramar na'urar naɗar sauti irin na Zoom ko Tascam, da babban iyafis mai rufe kunne. Na'urar ta zauna wajen miksa a kan 48 kHz, kyamara kuma ta ɗauki sautin fili da makirufonta. Ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin a fara, wurin tafin ne za ka daidaita su a kwamfuta. Ko ɗaya ta lalace kana da ɗaya, domin ɗaurin aure ba a maimaita shi don mai bidiyo.

Tambaya: Muna da tsohon kaset na bidiyo na dawowar mahaifinmu daga Hajji. An juya mana shi zuwa faifai amma sautin yana shuuu kuma yana rawa. A sake biya a wani wuri? *Daga Bajoga*

Amsa: Allah ya jiƙan magabata, ya ƙara wa na raye lafiya. Kafin ku biya kowa, a saka kaset ɗin a bidiyo a saurara kai tsaye. In a can ma haka yake, to daga kaset ɗin ne ko daga na'urar bidiyon da ke kunna shi: a goge kanta, a daidaita "Tracking", in kuma tana da zaɓi tsakanin "Hi-Fi" da "Normal" a gwada duka biyun, domin kaset na VHS kan ɗauki sauti a wuri biyu, wani lokaci ɗaya ya lalace ɗaya yana nan. In kun ga farar fumfuna a jikin zaren ta tagar kaset ɗin, kada a saka shi sai an tsabtace. Duk wanda zai sake muku aikin, ku sa masa sharaɗi ya ba ku fayil ɗin a filashi, ba faifai kaɗai ba.

Tambaya: Faifaina yana kaiwa tsakiya sai sauti ya riƙa yankewa hoto yana daskarewa. Wane irin faifai ya fi? *Daga Tudun Wada*

Amsa: Yauwa, a nan kam ana iya zargin faifai. In hoto da sauti suna cijewa tare, musamman wajen ƙarshe, to karantawar ce take wahala. DVD daga tsakiya yake fara rubutu ya yi waje, kuma bakin faifai mai araha nan ne ya fi rauni. Ka sayi mai suna irin Verbatim a inda ka yarda da shi, DVD-R ya fi shiga tsofaffin na'urori. Ko an rubuta 16x a jikinsa, ka rage saurin bugawa zuwa 4x ko 8x, ka bar manhajar ta tantance bayan ta gama, kuma kada ka cika shi maƙil. Kada ka liƙa masa takarda, alƙalamin maka mai laushi ya isa. In faifan yana tafiya lafiya a gidan maƙwabci amma ba a naka ba, ƙurar hunturu ce ta hau idon na'urarka, sai a kai wa mai gyara ya goge.