Amsa: Shin Cherokee a tantin fata suka zauna?

Malam, ka tambaya ko Cherokee, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin ƙasar Amurka, su ma a tantin fata mai tsini suke kwana kamar yadda ake nunawa a finafinai. A'a, wannan na ƙabilun filayen tsakiyar ƙasar Amurka ne masu bin bauna. Cherokee mazauna gari ne, a bakin koguna cikin tsaunukan Appalachia, inda yau ake kira North Carolina, Tennessee da Georgia.

Ginin gidansu zai burge ka: su kafa dirkoki, su saƙa rassa a tsakani, su yaɓe da laka, rufin kuma ɓawon itace ko ciyawa. In sanyi ya tsananta sai su koma wani ɗan ƙaramin ɗaki, wuta na ci a tsakiya. Mata ke noman masara, wake da kabewa, maza su tafi farautar barewa. Abin da ya fi ba ni mamaki, yaro dangin uwarsa yake bi, cikin zuri'o'i 7, kuma gida na mace ne. Kawu ya fi uba faɗa a ji kan tarbiyyarsa.

A 1838 gwamnatin Amurka ta kore su da ƙarfin soja zuwa yankin da yau ake kira Oklahoma, dubbai suka mutu a hanya. Waɗanda suka tsira a tsaunuka, jikokinsu na nan a North Carolina.