Ɗan siyasar lardi da ya koma alƙali: labarin Thomas Berger

Malam, ka tambaya ko wanda ya yi siyasar lardi a Kanada zai iya zama alƙali mutane su yarda da shi, ka kuma nemi misali don aikinka na makaranta. Ka duba Thomas Berger na lardin British Columbia.

Lauya ne, ya shiga majalisar lardin a 1966, ya shugabanci reshen lardin na jam'iyyar NDP (New Democratic Party) a zaɓen 1969, ya sha kaye har kujerarsa ta suɓuce. Shi ya tsaya wa al'ummar Nisga'a, 'yan asalin lardin, a shari'ar Calder kan haƙƙin ƙasarsu ta gado. Bayan an naɗa shi alƙali a Kotun Ƙolin lardin, daga 1974 zuwa 1977 ya jagoranci binciken bututun gas na kwarin Mackenzie da ke arewacin Kanada. Nan ne ya fi burge ni: ƙauye-ƙauye ya bi yana sauraron 'yan asalin yankin da bakinsu, sannan ya ba da shawarar a jinkirta aikin shekara 10.

Amma a 1981 ya fito fili ya soki cire haƙƙin 'yan asali daga daftarin tsarin mulki. Aka ce alƙali bai kamata ya tsoma baki a siyasa ba, ya ajiye aiki a 1983.

Ka kiyayi kuskure biyu. Kotun Ƙolin lardin ba ita ce ta ƙarshe ba, ana ɗaukaka ƙara daga gare ta. Kuma gwamnatin tarayya ke naɗa alƙalanta, ba ta lardi ba. Bayanin hukuncin Calder kuwa, ka kai wa malamin shari'ar tsarin mulki ya warware maka, don alƙalan Kotun Ƙolin Kanada sun rabu a kansa.