Amsa: Yadda ƙamshin turaren wuta ke cika ɗaki

'Yar'uwa, kin tambayi dalilin da ya sa ɗan ƙanƙanin turare ke cika ɗaki da ƙamshi, amma wani lokacin sai ƙauri ya biyo baya.

Ƙamshin yana cikin mai da ƙaron da ke jikin itacen. Zafin garwashi ne ke mayar da su tururi. Da a ce iskar ɗakin a tsaye take cak, da ƙamshin ya daɗe sosai kafin ya kai ɗaya ɓangaren. Abin da ke gaggauta shi shi ne iska mai zafi ba ta da nauyi, sai ta tashi da tururin zuwa rufi, ta bazu, ta huce, ta sauko. Labule da tufafi kuma su tsotse shi, su riƙa sakinsa a hankali.

Ƙaurin kuwa daga garwashi mai tsananin zafi yake, yana ƙone man kafin ya tashi. Ki bari toka ta lulluɓe garwashin tukuna.

Don Allah ki riƙa buɗe taga. Hayaƙin na ɗauke da ƙananan ƙwayoyin ƙura da ba su kai maikromita 2.5 ba (maikromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), suna shiga can cikin huhu, kuma masu asma da jarirai sun fi cutuwa.