Amsar tambayarka kan rakiyar maniyyata da neman gafara

Wa alaikumus salam ɗana. Naga saƙonka, kana tambaya wai me yasa gidan ya cika da mutane tunda aka ce babarka zata Makka, tana bin dangi gida gida tana neman gafara, ana koke koke kamar wadda ba zata dawo ba, alhali daga Kano zuwa Jidda awa huɗu ne zuwa biyar a jirgi, kuma da ta sauka zata kira ku a WhatsApp ku ganta ta ganku. Har kace ko dai al'ada ce kawai da ta wuce zamaninta. Toh ka gyara zama, don amsar tana da ɗan tsawo, kuma hannuna ba ya sauri a wayar nan.

Abu na farko, wannan bankwana da kake gani ba don tafiyar awa biyar aka tsara shi ba. Don wata hanya aka yi shi wadda ku baku santa ba. Kakanninmu in sun yi niyyar hajji gabas suke miƙewa a ƙasa, daga Kano ko Katsina ko Damagaram a bi ta Borno, a tsallaka ƙasar Chadi ta Fort Lamy wato Njamena ta yanzu, a wuce Abashe ta ƙasar Wadai, a shiga Darfur ta Jinaina da Fashir, sai Al-Ubayyid, sai Kartum, daga nan a nufi bakin Bahar Maliya a Sawakin a jira jirgin ruwa zuwa Jidda. A ƙafa, ko da jaki, mai hali da raƙumi ko takarkari. Kuma mafi yawa basu da guzurin da zai kai su, sai a yi tafiya kuɗi ya ƙare a tsaya a yi noma ko ƙwadago ko ɗinki ko yankan farce a tara a ƙara gaba, damina ta tare mutum ya zauna, mata ta haihu a jira arba'in har a yaye. Shi yasa zaka ji mutum ya shekara biyar, bakwai, goma bai dawo ba. Da Turawa suka gina madatsar ruwa ta Sinnar a ƙasar Sudan aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, mutanenmu da yawa can suka tsaya aikin auduga da nufin tara kuɗin jirgin ruwa, wasu suka tara suka wuce, wasu kuma har yau jikokinsu na can. Garin Mai Wurno dake bakin kogin Nilu shuɗi ma ai namu ne suka kafa shi, mutanen da suka yi hijira tare da Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, bayan an kashe shi a Burmi ɗansa ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan. A gidanmu ma akwai wan kakanmu da ya tafi da matarsa da yara biyu, abinda aka ƙara ji game da shi kawai wani da ya dawo yace ya ganshi a Fashir yana sayar da goro, shikenan.

Kaga nan ne wahalar take, rashin labari. Nisa ana iya jurewa, amma mutum ya tafi baka san yana raye ko ya mutu ba, ba'a raba gadonsa ba, gonarsa ba'a san mai ita ba, wanda yake binsa bashi yana jira, matarsa in ya barta tana zaune ita ba mai aure ba ita ba bazawara ba. Malamanmu na Malikiyya suna da babi guda kan wanda ya ɓace, in matar ta kai ƙara gaban alƙali aka bincika ba'a samu labarinsa ba sai ta jira shekara huɗu, sannan tayi takaba wata huɗu da kwana goma. Don gudun irin wannan ne mai hankali kafin ya fita yake tara mutane a gaban shaidu, ya faɗi wanda yake bi da wanda ke binsa, ya mayar da ajiyar mutane, ya damƙa gida a hannun ƙaninsa ko amininsa, ya bar wasiyya, sannan ya bi duk wanda suka taɓa saɓani ya ce a yafe masa. Taron da kake ganin hayaniya ce asalinsa zaman shaida ne. Rakiyar ma haka, a fita da shi har bayan ganuwa, wasu har zango na farko su kwana tare da ayari sannan su juyo.

Kuma kada kace mu ne kawai bamu da hanyar labari. Turawan da suka zo leƙen ƙasarmu da duk kuɗin gwamnatinsu haka suka sha. Klapaton, wanda ya kira kansa Abdullahi, ya shigo Kano a 1824 ya wuce Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya koma gida ya sake dawowa ya mutu a Sakkwato a watan Afrilu 1827, takardunsa na ƙarshe basu isa Ingila ba sai da yaronsa Landa ya koma da su, wajen shekara guda kenan bayan an binne shi. Bat kuwa, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarim, wanda yazo Kano a 1851, abokan tafiyarsa biyu duk a ƙasar Borno suka mutu, shi kuma da ya daɗe a Tumbutu aka daina jin ɗuriyarsa har aka baza a Turai cewa ya mutu, sai gashi a ƙarshen 1854 sunyi kiciɓis a daji da wani ɗan ƙasarsu Fogel da aka turo bayansa. Shi Fogel ɗin daga baya ya nufi Wadai, kan hanyar alhazan nan dai, aka kashe shi a 1856 kuma aka yi shekaru ana gardamar yana raye ko baya raye. Bat ne ya tafi da yaran nan biyu Dorugu da Abbega Turai, Dorugu ya dawo ya ƙare rayuwarsa a Nasarawa ta Kano a 1912. Toh in Bature mai takarda da hatimin sarauniya zai ɓace haka, ina ga talaka mai sanda da buta.

Sai waya tazo. Tun 1886 aka jawo wayar tangarahu ta ƙarƙashin teku zuwa Legas, da sojan Lugga suka fara hawowa Arewa sai suka riƙa jan layin a baya, Jebba, Lakwaja, Zungeru, har ta iso manyan garuruwan Arewa a farkon shekarun 1900. Ka san ba don mu aka kafa ta ba, don Gwamna ya ji abinda ke faruwa a lardi ya tura soja kafin abu ya girma ne. Amma daga baya fatake da 'yan kasuwar gyaɗa da kowa suka amfana. Yadda ake yi, kaje gidan waya ka faɗa wa akawu saƙonka ya rubuta a takarda, a ƙirga kalmomi ka biya, kowace kalma da kuɗinta, shi yasa ba gaisuwa ba ina gajiya, sai gundarin magana. Ma'aikaci ya ƙwanƙwasa ta da ɗan ƙarfen nan, na can ya saurara ya rubuta, masinja ya hau keke ya kai. Mu da muka taso mun tarar ana tsoron takardar nan, in aka ga masinja ya tsaya a ƙofar gida gaban kowa sai ya faɗi, don ba kasafai ake kashe kuɗin waya akan labarin daɗi ba. Kuma ka lura, wayar tana bin gari mai gidan waya ne, mutumin da zazzaɓi ya kayar a wani ƙauye tsakanin Abashe da Jinaina ba wanda zai buga wa iyalinsa komai. Ta rage duhun amma bata kore shi ba, saboda haka ba wanda ya ga dalilin daina bankwana.

Jirgin sama kuwa, abinda zai baka mamaki, hanyar alhazan nan ya biyo ya shigo mana, ba ta Legas ba. Ranar 27 ga Oktoba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira, shugabansu wani hafsa Koningham, suka bi kogin Nilu zuwa Kartum sannan suka juyo yamma, Al-Ubayyid, Fashir, Abashe, Fort Lamy, Maiduguri, suka sauka a filin sukuwa na Kano ranar 1 ga Nuwamba, zamanin Sarki Usman. Kwana shida. Jirage ne masu fukafukai biyu sama da ƙasa, inji ɗaya, jikinsu katako da kyalle, mutum biyu kacal kowanne ke ɗauka kuma kansu a waje iska na dukansu, sai da aka riga aka share musu filaye aka ajiye fetur a kowane zango. Ka auna, tsakanin Kano da Kartum da mutum ke cinye shekaru a kai, gashi an ratsa shi cikin 'yan kwanaki. Amma wannan na soja ne, ba mai hawa. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga zirga tsakanin Kartum da Kano duk mako, wasiƙu ya fara ɗauka. Da yaƙin Hitila ya zo, daga 1940 sai hanyar ta zama babbar hanya, ana kawo jirage a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu a harhaɗa su, su taso ta Legas da Kano da Maiduguri su wuce Sudan zuwa Masar, dubbai suka bi ta nan, kuma wannan ne ya ɗaga filin jirgin Kano ya zama abinda ya zama.

Talaka bai fara jin daɗin abin ba sai bayan yaƙi. A 1948 attajiran Kano, su Alhaji Mahmud Dantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da ake kira WAPA, da motoci aka fara ana bin hanyar Sudan, daga baya aka koma jirgin sama. Wapa ɗin nan ta Fagge da kuke zuwa canjin dala daga nan ta samo suna. Ko a lokacin mai jirgi daban mai mota daban, mai ƙafa ma bai ƙare ba, an daɗe ana tafiya iri uku a tare. Da jirgi ya zama na kowa sai rakiyar ta tashi daga bayan ganuwa ta koma sansanin alhazai da filin jirgi, mutane su cika mota da tabarmi da fura da tuwo a kwana a can, don ba'a san ranar tashi ba, ana iya cewa yau a wayi gari sati ya wuce.

Kace yanzu ai ba haɗari. Ɗana kada ka faɗi haka a gaban tsofaffi. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin alhazai da ya taso daga Jidda ya faɗi wajen sauka a nan Kano ya kama wuta, mutum 176 suka rasu, mutanen da sun gama hajjinsu tsarabarsu na cikin jirgi. A watan Yuli 1991 wani ya tashi daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato, bai yi nisa ba ya faɗi, mutum 261 ba wanda ya fita. Turmutsitsin Mina na 2015 kuwa da wayonka, ka san gidajen da aka yi zaman makoki. Ban kawo wannan don in tsorata ka ba, babarka zata je lafiya ta dawo lafiya da yardar Allah. Amma ko babu haɗari ko ɗaya, biyan bashi da neman yafiya ba ruwansu da tsawon hanya. Mutum zai je ya tsaya a Arfa yana roƙon Allah ya yafe masa, malamai kuma sun gaya mana haƙƙin mutane sai masu shi sun yafe, toh da wace fuska zai je alhali shekara uku basa magana da 'yar uwarsa akan gado? Wasiyya ma hadisi ne ingantacce, wanda ke da abin yin wasiyya bai kamata ya kwana biyu ba sai tana rubuce a wajensa, ba'a ce sai mai tafiya ba. Rakiya ita ma tana da asali, Annabi (SAW) da kansa ya taka wa Mu'azu da zai tura shi Yaman.

Inda zan goyi bayanka shine ƙarin gishirin da aka yi wa abin. Ankon rakiya, hayar motoci goma a jera ana hon, buga kalanda da hoton maniyyaciya, walima kafin tafiya walima bayan dawowa, sannan kowa da ya kawo gudummawar dubu biyu ya zauna jiran darduma da jallabiya, har baiwar Allah ta kasa natsuwa da ibada tana yawon kasuwa da guzurin da ko ita bai isheta ba. Wannan ba na kakanninmu bane, su da suka dawo bayan shekaru abinda ke cikin jakarsu ɗan ruwan zamzam ne da dabino da tazbi, a ɗiga wa kowa a sha tabarraki. Nayi wa babarka magana akan wannan kuma zan ƙara.

Kai kuma ga aikinka tunda kai ne mai boko a ɗakin. Ka samu littafi ka zauna da ita cikin dare in baƙi sun watse, ta faɗa maka duk wanda take bi da wanda ke binta, har kuɗin adashi da kayan mutane dake ajiye a ɗakinta, ka rubuta da kwanan wata, babanka da wani babba su sa hannu. Ka kaita gidan gwaggonku ta Gwammaja da kanka a mashin ɗinka ko ka tsayar musu da adaidaita, kada ka bari a ce za'a yi ta waya, kuma in sun fara kukansu ka fito waje ka basu wuri. Ranar tafiya mota ɗaya ta isa, ni zan shigo ranar Laraba in Allah ya kaimu in kwana. Ka gaida babanka da su Ummi.

Kawunka.